Ƙaho Huɗu a Bayan Hurera

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba ni Hurera shekara ashirin da biyu, ya kuma karɓi abarsa a lokacin da ya ga dama.

Sunana Idi. Wanzami ne ni, ɗan wanzami, jikan wanzami. Ƙauyenmu yana gefen Urafane, kuma duk ranar kasuwa ana samuna a rumfar wanzamai da zabirata. Na yi lakwal, wato makarantar boko, shekara biyar kafin Baba ya ce aska ta fi alli ciyar da gida, saboda haka rubutuna a hankali yake tafiya, wanda ya ga kuskure ya gyara. Ina rubuta jinyar matata ne don 'yan'uwana masu aska da ƙaho su ji, kada wani ya taka inda na taka. Akwai kuma mutum ɗaya da nake so a karanta wa takardar nan daga farko har ƙarshe, shi ne yayan matata, Yaya Laminu.

Abin ya fara ne lokacin roron wake. Hurera ta dawo daga gona da wani baƙin tabo a dantse, daidai inda kwando yake zama. Muka ce kwando ne. Bayan kwana biyu wani ya fito a cinya, inda babu kwandon da ya taɓa zama. Sai ƙananan jajayen ɗigo suka cika mata ƙwauri, kamar an watsa garin barkono. In ta yi asawaki sai bakinta ya yi ja, ni kuwa da surutun wanzami sai na riƙa tsokanarta wai ita ce ke sace mini goro a aljihu. Ta yi dariya, ni ma na yi. Al'adarta kuma ta wuce kwanakinta, amma wannan sai daga baya ta gaya mini.

Ta je ƙaramin asibitin da ke kusa da mu. Ba zan kama sunan asibiti ko ɗaya a takardar nan ba, domin ko'ina na ga abin ƙorafi, ko'ina kuma na ci alheri. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya duba ta da abin da yake da shi, ya ba ta maganin zazzaɓin sauro, domin lokacinsa ne kuma kowa shi yake fama da shi. Ranar kasuwa kuma ta sayo ƙwayoyin ciwon jiki wurin mai tebur, tana shan biyu da safe biyu da yamma don ta iya ƙarasa roro. Ni da kaina na riƙa miƙa mata ruwan sha.

A sati na biyu Yaya Laminu ya zo daga garinsu, can ƙasar Mayahi, ya kawo mana albishir matarsa ta sauka, suna saura kwana shida. Hurera ta durƙusa ta ajiye masa fura, mayafinta ya zame, ya ga dantsenta da gefen wuyanta. Bai sha furar ba. Ya jira ta shiga ɗaki, sannan ya dube ni.

“Idi, mi ƙanwata ta yi maka?”

Na rantse masa da duk abin da na sani. Hurera ta fito ita ma ta rantse. Ya ce ya ji, amma irin jin da mutum yake yi yana ɗaura takalmi. Ya hau babur ɗinsa ya tafi ba sallamar kirki. Tun da na auri Hurera ko tsawa mai ƙarfi ban cika yi mata ba, ita ce ma mai yi mini. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai. Na zauna ina lissafin ranar suna: gwaggonninta, ƙannenta, matan unguwa, kowa zai ga tabon nan, kuma ni ne surukin da zai yi wa jaririn aski a gabansu.

To, a sana'armu baƙin tabo irin wannan sunansa mataccen jini, maganinsa kuwa ƙaho. Haka na koya, haka na yi wa mutanen da ban san iyakarsu ba, suka tashi suna sa mini albarka. Sai dai a gidanmu akwai doka tun daga kakana: wanzami ba ya ɗora ƙarfe a jikin iyalinsa, abokin sana'a ake kira. Baba yakan ce in naka ne a gabanka, idonka abin da kake so yake gani. Duk garinmu an san gidanmu da wannan doka. Amma kiran wani wanzami yana nufin ya ga bayan matata duk tabo, kuma na san bakin wanzamai, tun da irinsa gare ni. Kafin a kira azahar labari ya kai Tasawa. Sai na ce ni zan yi da kaina, a cikin ɗaki, ba mai gani.

Hurera ba ta so ba.

“Baban Sa'a,” ta ce, da sunan babbar 'yarmu take kirana, “jinina ba shi tsayawa kwanan nan. Jiya ƙaya ta soke ni, har na gama tuwo shina ɗiga.”

Na ce mata ai mataccen ne yake neman hanyar fita, ta bar wa masu sana'a sana'arsu. Ta juya mini baya, ta sauke zane.

Da hantsi ne. Na ɗora ƙaho huɗu, biyu a ƙasan kafaɗa, biyu a tsatso. Na tsotsa, na toshe, na jira fata ta taso, na cire, na yi tsaga, na mayar. Duk wanzami ya san abin da yake jira in ya ɗaga ƙaho: jini ya kama jikinsa ya zama guda kamar hanta, ka juye a rairayi, ka nuna wa mai shi ka ce ga cutarka nan. Kafin ka gama wanke ƙahon tsagar ta bushe. Na Hurera da na ɗaga, gudan sako-sako ya zo, bai kama jikinsa ba. Na wanke ƙahonin huɗu, na shanya, na waiwayo, na tarar bayanta yana zuba ta wuri huɗu.

Na danna da auduga. Na sa toka. Na sa garin bagaruwa. Na ƙona tsumma na shafa, na yi duk tofin da Baba ya bar mini, har da wanda ya ce kada in taɓa sai rana ta ɓaci. Ba zuba mai ƙarfi ba ce, tsattsafowa yake yi a hankali, amma ba ya fasawa. Zane na farko ya jiƙe, na biyu ya jiƙe. Aka kira azahar ina durƙushe a bayanta. Da la'asar ta ce mini ɗakin yana juya mata, na duba tafin hannunta na ga ya yi fari. Nan na ɗaura amalanke, sai wurin majo.

Majo ya ɗaure mata bayan tamau, ya sa mata ruwa, yana aiki yana faɗa. Ya tambayi wane mara hankali ne ya yi wannan aiki. Na buɗe baki na ji kaina ina cewa, wani wanzami ne. Hurera ta ɗago ido ta dube ni, sannan ta ce wa majo baƙo ne, mai wucewa, ba ta san sunansa ba. Daga ranar ƙaryar ta zama ta mu biyu.

Washegari aka tura mu gaba. Wanda bai taɓa ɗaukar mara lafiya a hanyar rairayi ba, bai san tsawon ƙasarmu ba. Mota ta kafe sau biyu kafin mu ga kwalta. A asibitin gaba aka ce tana buƙatar jini, sai dangi sun bayar. Na bayar. Yaya Laminu ya baro hidimar suna ya zo ya bayar, ya zauna can nesa da ni a gindin dalbejiya. Aka ƙara mata leda biyu, ta ɗan farfaɗo, amma ɗaurin bayanta kullum sai an canja. Suka ce abin ya fi ƙarfinsu, suka rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a birni. Sunan da na yi wannan gaggawa saboda shi, aka yi shi ba mu, wani wanzami ya yi wa jaririn aski.

A birni muka koyi layi. Layin kati daban, layin awon jini daban, layin karɓar sakamako daban, kuma kowanne sai ka yi sammako. Na yi kusan wata ina kwana a baranda tare da masu jinya daga ko'ina, muna cin abinci a kwano ɗaya ba mu san sunan juna ba. Tunkiyar Hurera ta tafi, waken da ta rora ma ya bi ta tun bai ga rumbu ba. Ban damu da wannan ba, na faɗa ne don mai shirin zuwa ya san ba da hannu wofi ake zuwa ba.

A nan Allah ya haɗa mu da likita Sanusi. Yaro ne, bai fi ƙanena ba, siriri, kullum kamar bai ci abinci ba. Shi ne ya fara kiran sunan abin da ke damunta, kuma kalmar ta zauna mini har yau: plaket. Ya ce wasu 'yan ƙananan abubuwa ne a cikin jini, ido ba ya ganinsu, su ne ke rugawa su toshe wuri in an yanke, kamar yadda muke liƙe tsagar rumbu da laka. Na Hurera sun kusa ƙarewa, domin jikinta da kansa yake cinye su, ya ɗauke su baƙi. Ba sammu ba ne, ba maye ba ne, ba kuma duka ba. Da ya faɗi wannan na ƙarshe Yaya Laminu yana tsaye. Da muka fito ya kama hannuna ya ce in yafe masa zargin da ya yi mini, har idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya ce saura wanzamin nan, ko a ina yake sai ya nemo shi. Na ce Allah ya kyauta.

Yaya Laminu bai kawo ni a ransa ba, domin ya san dokar gidanmu.

Likita Sanusi kuwa bai san wata doka ba, hannuna ya duba. Wata rana ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa, ya ce tsagar nan ta gwani ce, kuma ya ga zabira a cikin kayana. Na sunkuyar da kai na gaya masa komai. Na zaci zai kira mini jandarma. Sai ya jawo takarda ya shiga yi mini tambaya kamar ni ne malamin: yaya gudan ya zo, na mai lafiya yaya yake zuwa, tsaga takan ɗauki wane lokaci kafin ta bushe, na taɓa ganin irin wannan a jikin wani? Da muka gama na tambaye shi abin da ke cina, ko ni na kashe ta.

“Ba ta mutu ba tukuna, Malam Idi,” ya ce. “Kuma ba ƙaho ya kawo cutar ba. Amma jinin da ya zuba, tana buƙatar shi. Ƙwayoyin tebur ɗin nan ma sun ƙara raunana ɗan abin da ya rage mata. Ba zan ɓoye maka ba.”

Na gode masa da bai ɓoye ba.

Shi ne ya ba ni labarin wata mata da nake kira Malama, domin sunanta ba nawa ba ne da zan rubuta. Ya ce 'yar ƙasar nan ce, tana koyarwa a wata babbar makaranta a ƙasar waje, ta ƙarar da ƙuruciyarta a kan binciken daskarewar jini da cututtukan plaket. Bai taɓa ganinta ido da ido ba, amma ya ce rabin abin da ya sani a kan cutar Hurera daga rubutunta ya samo. Ya nuna mini a wayarsa, rubutu ne tsibi cikin Faransanci da Ingilishi. Ya ce masu bincike da yawa in za su yi magana a kan wannan cuta sai sun ambaci sunanta, da haka ake gane nauyin malami a wurinsu. Wannan na gane shi, domin mu ma in ka yi aiki mai kyau akan tambaye ka daga hannun wa ka karɓa. Na ce to, tun da ta san cutar haka, ai ta san magani.

Ya ce magani hawa-hawa ne. Na farko yana nan, fararen ƙwayoyi ne, su za a fara. In sun ƙi, akwai na biyu da na uku, Malama ta yi bayaninsu dalla-dalla. Sai dai ba su a asibitin, da wuya ma a same su a Yamai, kuma ko an samu, in na sayar da gona da sa da amalanke ba za su kai mu damina ba.

Fararen ƙwayoyin suka karɓe ta. A sati na huɗu dadashinta ya daina jini, tabon ya koma ruwan ƙasa, tsaga biyu na kafaɗa suka rufe. Biyun tsatso ne suka ƙi, domin tokar da na cusa ta sa sun yi ruwa. Fuskarta ta cika ta yi ƙwal, ga ci kamar mai aikin gayya. Ta riƙa tsokanata wai sai da ta tsufa ta yi kyau, in shirya ƙarin sadaki. Na yi dariyar da na daɗe ban yi ba. A raina na ce Allah ya rufa mini asiri, an wuce wurin.

Ana gobe za a sallame mu likita Sanusi ya ce ya aika wa Malama bayanin da na yi masa na ƙaho, ga amsarta ta murya. Hausarta ta ɗan yi tsatsa, amma ta gida ce, irin ta tsofaffinmu.

“Malam Idi, sannu da jinya. Abin da ka gani cikin ƙahonka, mu sai da na'ura muke ganin shi. Shekara da shekaru ina rubutu bisa cutar ga, ana karantawa ƙasashe da dama, amma ban taɓa rubuta layi guda da wanzami zai karanta ba, alhali ku ake hwara kai ma mutum. Wanga laihina ne. Ina roƙon ka, ka hwaɗa ma 'yan'uwanka: wanda ya zo da baƙin tabo ba bugu, ko jan ɗigo ga ƙahwa, ko jini ga dadashi, kada ƙarhe ya taɓa shi.”

Zan faɗi gaskiya, na ji daɗi, na kuma ji haushi. Na ji daɗi babbar mace irin wannan ta kira sunana, ta ɗauki wani abu daga kaina ta aza wa kanta. Na ji haushi domin ilimin da zai hana ni ɗaga ƙahon nan yana nan a rubuce tun Sa'a tana goye, ya zagaya duniya, ya shiga hannun mutanen da ba su taɓa jin sunan Urafane ba, bai iso rumfarmu ba sai da bayan matata ya tsage. Likita ya tura mini muryar a wayata. Ban kunna wa kowa ba, domin duk wanzamin da ya ji zai tambayi wane ƙaho ne Malama take nufi.

Muka koma gida. Masu dubiya suka cika mana tsakar gida, kowa da maganinsa. Wannan ta ce zogale, waccan ta ce zoɓo da hanta, wani ya kawo rubutu, wata tsohuwa ta ce a sake ƙaho domin na farko bai gama fitar da dattin ba. Ita kam na raka ta har ƙofar gida da kaina. Matar Bafulatanin da ke kiwo a bayan gari ba ta ba da shawara ko ɗaya ba, kullum da safe sai ta aje ƙwaryar madara a bakin ɗaki ta wuce. Allah ya saka mata, ban taɓa iya biyanta ba.

Likita ya ce ƙwayoyin ba a daɗewa a kansu, suna da tasu ɓarnar, ya rubuta mana yadda za a riƙa ragewa. Muka bi yadda ya ce, ba mu tsallake ko ɗaya ba. A sati na bakwai Hurera tana alwala sai haɓo ya ɓalle mata. Na duba ƙwaurinta, jajayen ɗigon sun dawo. Ta shiga ɗaki ta fara ɗaure kaya.

Zuwa na biyu ya fi na farko ɗaci, domin yanzu mun san sunan komai. Aka mayar da ƙwayoyin da yawa, suka ƙi. Aka ce da za a samu plaket zalla a ƙara mata da ta ɗan samu sarari, amma na'urar da ke ware su ba ta aiki a lokacin, sai jini gaba ɗaya, shi kuwa ɗan abin da ke cikinsa jikinta yakan cinye kafin kwana biyu. Yaya Laminu ya kawo samari huɗu daga garinsu suka bayar. Aka yi maganar cire saifa, wai a can ake cinye su, amma wa zai tsaga cikin wadda tsagar ƙaho ta gagara rufewa? Malama ta sake aiko murya, ta ce tana neman hanyar da magani na biyu zai iso ta hannun matafiya, amma ba ta yi alkawari ba. Na yarda ta nema. Bai zo ba, ni kuma ban sake tambaya ba.

Likita Sanusi ya daina zama in ya zo gadonta, a tsaye yake duba takarda. Wata rana ya ja ni gefe ya ce abin da yake tsoro shi ne jinin ya zuba a cikin kai, in haka ta faru ko a nan ko a gida duk ɗaya ne. Hurera ba ta ji shi ba, amma ta karanta a fuskata. Ta ce a mai da ta ɗakinta.

A mota, muna jiran a cika, Yaya Laminu ya je sayo ruwa. Na ce mata zan gaya masa gaskiya, na gaji. Ta kama bakin rigata.

“Kada ka hwaɗa mishi. Su Sa'a na buƙatar kawu, suna buƙatar uba. In ka hwaɗa, guda za su samu.”

Na ce ai ita ta gargaɗe ni, ban ji ba.

“Awo, na hwaɗa maka,” ta ce. “Kai dai ba ka jin magana tun kana saurayi. Bari hakanan.”

Ta yi kwana tara a gida. Ranar ta goma da hantsi tana zaune a tabarma tana tsince wake, ba don an sa ta ba, sai ta dafe kai ta ce bai taɓa yi mata ciwo irin wannan ba. Ta yi amai. Maganarta ta harɗe, ta riƙa kiran Sa'a da sunan tata mahaifiyar. Na ɗaura amalanke, sannan na tuna maganar likita, na kwance. Na zauna na ɗora kanta a cinyata ina yi mata kalmar shahada. Kafin la'asar ta cika. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi.

Ni da Yaya Laminu muka shiga kabari muka karɓe ta. Da muka juya ta kan damanta, bayanta ya fuskanto ni, sai na ga tabo biyu ja a jikin likkafani, daidai tsatso, tazararsu taki ɗaya na hannuna. Kowane wanzami yana gane aikinsa. Yaya Laminu ma ya gani. Ya ce a hankali, Allah ya isa tsakaninsa da mai wannan hannu, ni kuma ina gefensa ina jera itace.

Shekara ta zagayo yanzu. Har yau ina aski, amma ƙahonin suna rataye a ɗaki. Saƙon Malama yana cikin wayata ban isar ba. Ranar kasuwa ina gani ana ɗora wa mutane ƙaho a tabarmar da ke kusa da tawa, ba wanda yake duba ƙwauri ko dadashi kafin ya tsaga. Sau ɗaya na gwada cewa a riƙa dubawa, suka ce tun yaushe na zama likita, a ina na gani? Na ja bakina. Ba na kuma zaton takardar nan za ta canja da yawa, domin birni yana da nisa, ƙaho kuwa yana nan kusa, kuma ko an kai mutum birnin, na ga iyakar abin da ke can. Amma ko ba a warke ba, kada a ƙara wa mai ciwo da hannunmu. Abin da Malama ta roƙa ke nan: baƙin tabo ba bugu, jan ɗigo a ƙafa, jini a dadashi, a ajiye ƙarfe, a ajiye ƙwayar tebur, a tafi awon jini. Wanda ya tambayi inda na gani, a cikin ƙahona na gani.

Abin da ya sa na kasa ci gaba da shiru shi ne, Yaya Laminu bai daina nema ba. Watan jiya aka nuna masa wani dattijon wanzami da ke zuwa kasuwarmu daga nesa, wai shi ne baƙon. Mutane sun fara ƙaurace wa tabarmarsa, ranar kasuwar da ta wuce har ya naɗe kayansa bai yi aski ko ɗaya ba. Bawan Allah bai taɓa ganin Hurera ba.

Ta ce in bari, na bari shekara guda, Allah ya sa ta yafe mini wannan ma. Yaya Laminu, ka ƙyale tsohon nan. Wanzamin da kake nema shi ne wanda ya karɓi ƙafafunta a kabari lokacin da ka karɓi kanta. Su Sa'a ba su san komai ba, kada ka rufe musu ƙofarka. Ni kuwa ina gida, ba na zuwa ko'ina sai kasuwa.